Ranar da aka rushe ƙungiyar su Auta

Ana tsakiyar azumin 2020, na dawo daga aikin dare, na idar da azahar na koma na kishingiɗa, sai waya ta yi ƙara. Auta ne, ɗan yayata. Yaron nan ba ya kirana da rana, ya san lokacin barcina ne, saƙo yake bari. Ina ɗauka na ji ko sallamar ba ta fita daga bakinsa sosai ba. Na ce lafiya? Ya ce, "Kawu, sun rufe ƙungiyarmu." Na zaci zancen korona yake yi, tunda tun watan Maris aka tsayar da komai a nan Amurka. Na ce ai kowa a rufe yake, in Allah ya kawo sauƙi za a buɗe. Ya ce, "A'a Kawu, soke ta suka yi baki ɗaya. Babu sauran ƙwallon ƙafa ta maza a makarantar nan."

Da safe aka turo musu imel cewa kowa ya hau Zoom ƙarfe goma sha ɗaya, taron dole ne. Su ashirin da bakwai suka hau, wasu daga ɗakunan iyayensu, wasu daga ƙasashensu, shi kuma daga ɗakin kwanan ɗalibai inda ya maƙale tun da aka rufe filayen jiragen Najeriya. Daraktan wasanni ya bayyana da takarda a hannu ya karanta. An kashe wa kowa makirufo. Kocinsu yana gefen allo, kansa a sunkuye, daga baya suka ji shi ma sa'a guda kafin taron aka gaya masa. Ba a yi minti goma sha biyar ba aka tashi. Abin da Auta ya riƙe daga takardar abu biyu ne: jami'a ta ce kuɗi sun yi ƙaranci, kuma duk wanda ya zaɓi zama za a ci gaba da biya masa tallafin karatunsa har ya kammala, wanda ya zaɓi tafiya za a taimaka masa da takardu.

Ba zan kira sunan jami'ar ba. Ƙarama ce, a rukuni na biyu na hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA take, tafiyar awa tara a mota daga Baltimore inda nake zaune.

Wanda bai zauna a Amurka ba, zai yi mamakin yadda soke ƙungiyar ƙwallo a makaranta zai zama abin tashin hankali. A wurinmu ɗalibi yana shiga jami'a ne da jarrabawa, in yana da ƙafa ya buga wa makaranta a gasar jami'o'in Najeriya ta NUGA, in an fasa gasar karatunsa na nan. A nan kuwa ƙafar ce take biyan kuɗin makaranta. Koci ne yake ganin bidiyon yaro, ya kira shi, ya yanka masa kaso daga kuɗin da aka ba shi. A lokacin, ƙungiyar ƙwallon maza a rukuni na biyu tallafi tara kacal aka yarda ta bayar, a rukuni na ɗaya tara da ɗigo tara, alhali 'yan wasa sun doshi talatin. Saboda haka gutsuttsura shi ake yi, wannan rabi, wancan kwata, wani kuɗin littattafai kawai. Auta ya zo a watan Agustan 2018 da kashi saba'in cikin ɗari, ragowar ni na sa hannu a takarda cewa zan ɗauka. Mahaifinsa tela ne a Kasuwar Barci da ke Tudun Wadar Kaduna. Ranar da yaron zai tashi, shi ya ɗinka masa kaftani biyu da hannunsa, ya ce ko ba a sa wa a can, ranar Juma'a dai ya sa.

Abin da na fara gaya masa a wayar nan, har yau in na tuna sai na ji nauyinsa. Na ce, "To alhamdu lillahi, tunda kuɗin makaranta bai taɓu ba. Karatu ya kawo ka. Zauna ka ƙarasa shekara biyunka." A lissafina na babba magana ta ƙare ke nan. Ya yi shiru har na duba ko layi ya yanke. Sannan ya ce, "Kawu, tun ina shekara bakwai nake tashi da asuba saboda abin nan. Yanzu in zauna shekara biyu ina wucewa ta gefen fili?" Na ce mu bari sai an sha ruwa.

Bayan tarawi na kira Yaya. Kaduna na cikin kulle a lokacin, kasuwanni a rufe, maigidanta yana zaune a gida a watan da tela ke samun abin da zai riƙe shi rabin shekara. Na yi mata bayani dalla-dalla, ina tsammanin za ta goyi bayana. Ta saurara har na gama, sai ta ce, "Ni ban san dokokin ƙasarku ba. Amma na san yaron da na haifa. In aka raba shi da ƙwallo, karatun ma ba zai shiga ba. Kai ne ubansa a can, ka duba masa." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Washegari na ce wa Auta ya sa sunansa a rajista.

Rajistar nan wani rumbu ne a intanet da NCAA ta buɗe a watan Oktoban 2018. Ɗan wasa ya gaya wa makarantarsa yana son tafiya, a shigar da sunansa, daga nan kowane koci a ƙasar yana da damar tuntuɓarsa. A wancan lokacin, a wasu wasannin, wanda ya sauya makaranta sai ya yi shekara guda a benci kafin ya buga, amma dokar ta ware wanda aka soke wasansa, shi nan take zai iya bugawa. A takarda abin kamar an share wa yaro hanya.

Kwana biyu bayan ƙaramar salla na ɗauki mota na tafi ɗauko shi. Harabar makarantar shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. An ba kowane ɗan wasa rabin sa'a ya shiga ɗakin canza kaya ya kwashe nasa, ɗaya bayan ɗaya saboda cuta. Na raka shi. Lokoki a jere, kowace da sunan mai ita a manne a sama, waɗanda ba sa gari kuma an zuba kayansu a baƙaƙen ledojin shara an ɗaure, an rubuta suna a jikin salatif. Na ga ledar golansu, Bajamushe, safar hannunsa ɗaya ta leƙo ta bakin ƙullin. A jikin bango akwai farin allo, har lokacin da zanen atisayen ƙarshe da suka yi a Maris, kibiyoyi da da'irori, da lamba shida a tsakiya, wurin Auta. Dattijon da ke kula da kayan wasa, Bature, ya haura shekara sittin, yana tsaye a ƙofa da takunkumi a fuska. Doka ta ce jesi na makaranta ne, a mayar. Auta ya ninke tasa ya miƙa masa. Mutumin ya karɓa, ya juya ta, ya dubi lambar, sai ya cusa ta cikin jakar yaron ya ja zif da kansa. Bai ce komai ba, ya dafa kafaɗarsa kawai. A mota mun yi awa biyu babu wanda ya yi magana.

Watan Yuni kaf a teburin kicin ɗina muka yi shi. Na dawo daga ɗakin gwaje-gwajen asibiti da safe, in tarar da shi gaban kwamfuta da littafin rubutu, ya ja layi huɗu: sunan makaranta, sunan koci, ranar da ya aika, amsa. Ya aika wa koci ɗari da talatin da wani abu bidiyonsa na minti shida. Yawancin layin amsa fari ya zauna. Waɗanda suka amsa kuma kusan bakinsu ɗaya: muna son ɗan tsakiya irinka, amma kuɗin bana tun hunturu muka raba. Gaskiya suka faɗa. Koci yana gama ɗaukar 'yan wasan kaka tun watanni kafin lokacin, duk wanda aka sako kasuwa a watan Mayu ya zo ne bayan an tashi. Ga shi an hana ganawa ido da ido, babu zuwa gwaji, babu ziyarar makaranta. Ga kuma yara daga sauran ƙungiyoyin da aka soke a wannan bazarar, kowa yana ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya.

Abokan wasansa 'yan ƙasa suna da wata mafita da shi ba shi da ita. Ɗan ƙasa yana iya komawa jami'ar jiharsu ya biya kuɗi mai sauƙi, ya karɓi bashin karatu na gwamnati, ya yi aikin kanti da yamma. Ɗalibin waje mai bizar F-1 ba ya samun bashin nan, kuma aiki sai cikin harabar makaranta, awa ashirin a mako. Kafin sabuwar makaranta ta ba shi takardar I-20, wadda zamansa a ƙasar ya rataya a kanta, sai ya nuna shaidar banki cewa akwai kuɗin shekara guda cur. Duk kason da koci ya rage, sai an ga madadinsa a asusun wani. Muna cikin wannan, ranar 6 ga Yuli, hukumar shige da fice ta sanar cewa ɗalibin waje da makarantarsa za ta yi karatu ta intanet zalla sai ya bar ƙasar. Jami'o'in Harvard da MIT suka kai ƙara, ranar 14 ga wata gwamnati ta janye. Kwana takwas ne, amma a cikinsu na ga yaro ya daina cin abinci. Jiragen sama na ƙasa da ƙasa ba su dawo sauka Najeriya ba sai 5 ga Satumba. Gaba kura, baya siyaki.

A dararen da nake aiki, in samfura sun yi sauƙi, sai na shiga karanta labarin waɗanda abin ya taɓa faɗa wa. Na fi daɗewa a kan Jami'ar Alabama da ke Birmingham, wadda ake kira UAB. Ranar 2 ga Disamban 2014 shugabanta, Ray Watts, ya sanar da soke ƙungiyar ƙwallon Amurka, irin wadda ake runguma a ruga da ita, tare da wasu ƙananan wasanni biyu. Tun 1995, da Jami'ar Pacific ta yi haka, babu wata makaranta a babban rukuni da ta sake rufe irin wannan ƙungiya. Abin da ya fi ciwo, yaran sun fara farfaɗowa ke nan: shekarar da ta gabata wasa biyu suka ci cikin sha biyu, a wannan shekarar kuwa, ƙarƙashin sabon koci Bill Clark, sun ci shida. Hujjar shugaban wani rahoto ne na masu ba da shawara da ya ce ana bukatar ƙarin dala miliyan 49 cikin shekara biyar. Akwai bidiyon taron da ya yi da 'yan wasan. A ciki wani mai suna Tristan Henderson, tsohon soja da ya yi yaƙin Iraƙi, ya miƙe yana magana yana kuka a gaban shugaban. Na kalle shi sau uku a ɗakin hutun ma'aikata. Su aƙalla an bar musu bakin magana.

Garin Birmingham ya tashi tsaye. Ɗalibai suka yi zanga-zanga, 'yan kasuwa suka yi alƙawarin kimanin dala miliyan 17, ranar 1 ga Yunin 2015 shugaban ya janye matakin. Ƙungiyar ta dawo fili a 2017, a 2018 ta ɗauki kofin rukuninta. Yadda ake ba da labarin a Amurka ke nan, a nan ake tsayawa a yi tafi. Ni kuwa da yaro a teburin kicin ɗina, idona yana kan wata shidan da ke tsakanin Disamba da Yuni. A cikinsu gomman 'yan wasa sun riga sun watse. Jordan Howard, wanda ya kafa tarihin gudu da ƙwallo a makarantar a 2014, ya tafi Jami'ar Indiana, daga can ƙungiyar ƙwararru ta Chicago Bears ta ɗauke shi a 2016. Jake Ganus ya tafi Jami'ar Georgia ya yi fice. Sunayen nan biyu kowa ya san su saboda sun dace. Sauran fa, yaron da yake na uku a layinsa, wanda babu kocin da ya kira? Kuma ko wanda ya zauna, babu wasa a 2015, babu a 2016. Ɗan wasan jami'a kaka huɗu yake da ita a rayuwarsa. An dawo da sunan ƙungiya da launin rigarta, amma mutanen da suka zauna a ɗakin nan ranar 2 ga Disamba ba su sake fita fili tare ba.

Ina cikin wannan karatun sai ga labarin Stanford ya faɗo, ranar 8 ga Yuli, daidai cikin kwana takwas ɗin nan namu. Jami'ar da asusun gidauniyarta ya haura dala biliyan 27 ta ce za ta soke wasanni 11 cikin 36, abin da ya shafi ɗalibai sama da 240. Har da kokawa. Auta ya juyo da allon kwamfuta ya nuna mini, ya ce, "Kawu, in Stanford ba ta da kuɗi, to wa ke da shi?" Abin da ya biyo baya na bi shi wata-wata. Tsofaffin ɗalibanta, cikinsu akwai zakarun Olamfik da attajirai, suka haɗu. Masu kokawa kaɗai suka tara sama da dala miliyan 12. A watan Maris na 2021, a garin St. Louis, Shane Griffith ya ci kambun ƙasa na ajin fam 165 sanye da baƙar rigar kokawa wadda babu tambarin makaranta a jikinta, ƙasa gaba ɗaya tana kallo a talabijin. Aka shigar da ƙararraki a kotu. Ranar 18 ga Mayun 2021 Stanford ta ce duka sha ɗayan za su ci gaba. Na yi murna da gaske, ina da hoton Griffith a wayata har yanzu. Amma kocin da ya jagoranci fafutukar, Jason Borrelli, ya riga ya karɓi aiki a wata jami'a a Washington makonni kafin sanarwar.

Jami'ar Clemson ma haka. A Nuwamban 2020 ta soke tseren maza da tsalle-tsalle, makarantar da a 2019 ta sa hannu da kocin ƙwallon Amurkanta, Dabo Swinney, kan dala miliyan 93 na shekara goma. Masu fafutuka suka nuna cewa tsere na cikin 'yan wasannin da baƙaƙen yara ke samun shiga jami'a ta hanyarsu ba tare da makaranta tana cin kuɗi da jikinsu ba. Da lauyoyi suka yi barazanar ƙara a ƙarƙashin dokar daidaiton maza da mata ta 1972, sai aka janye a watan Afrilun 2021.

Da na jera waɗannan a raina sai na ga abin da ya haɗa su. Duk inda aka janye, akwai mai kuɗi, ko lauya, ko kyamarar talabijin. Jami'ar New Mexico tana da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta maza da ta kai wasan ƙarshe na ƙasa a 2005, Maryland ta nan jiharmu ce ta doke ta da ci ɗaya. A 2018 aka yanke hukuncin soke ta, mutanen gari suka yi ta roƙo, ba ta dawo ba. In wadda ta kai wasan ƙarshe ba ta tsira ba, ina ga ta su Auta? Sun gwada. Kyaftin ɗinsu ya buɗe takardar koke a intanet, tsofaffin 'yan wasa, yawancinsu malaman makaranta da masu ƙananan sana'o'i, suka yi karo-karo. Ni ma na sa abin da ya sawwaƙa. Da suka kai wa hukumar makaranta, aka ce musu sai in za su kawo gidauniyar da za ta riƙe ƙungiyar har abada, miliyoyin daloli, cikin 'yan makonni. Aka mayar wa kowa kuɗinsa.

Ba na cewa ƙarancin kuɗin ƙarya ne. Da aka fasa gasar ƙwallon kwando ta Maris a 2020, wadda ita ce saniyar tatsar NCAA, rabon da ake yi wa makarantun rukuni na ɗaya ya faɗo daga dala miliyan 600 zuwa 225, ƙananan rukunai ma suka ji a jikinsu. Makaranta tana da ikon ta ce ba za ta iya riƙe wasa kaza ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda ake yi da lokacin da ake yi. Hukuncin da aka yi watanni ana tattaunawa a ofis, a ɓoye wa koci, a bar shi yana ɗauko sababbin yara daga Birazil da Gana yana yi wa iyayensu alƙawarin shekara huɗu, sannan a faɗa wa yaran a minti sha biyar bayan kasuwar ɗauka ta tashi. Shekara guda ta sanarwa ba za ta talauta kowace jami'a ba. Maganar nan kuma ta "za mu ci gaba da biyan tallafinka", wadda ni kaina ta kwantar mini da hankali ranar farko, mai faɗinta ya san yawancin yaran ba za su zauna ba. Duk wanda ya tafi, kuɗinsa ya dawo aljihun makaranta.

A ƙarshen Yuli wani koci daga wata ƙaramar makaranta a kudu ya kira. Ɗan wasansa na tsakiya ya kasa samun biza saboda ofisoshin jakadanci a rufe suke, kaso ya faɗo. Kashi arba'in. Daga saba'in zuwa arba'in, giɓin ya fi ƙarfin albashina. Na kai maganar masallacinmu bayan Juma'a, a filin ajiye motoci muke salla lokacin, kowa da dardumarsa nesa da ɗan'uwansa. Wani dattijo ɗan Damagaram, direban tasi, wanda shi ke riƙe adashinmu, ya ce a ba ni ɗaukar watan nan da ta wata mai zuwa, shi zai koma ƙarshe. Da wannan na cike takardar banki.

Sai kuma aka zo kan darussa. Digiri a nan kiredit 120 ne, wato makin da ake tarawa daga darussa, Auta yana da 61. Ofishin rajistar sabuwar makarantar ya zauna da takardunsa, ya amince da 47. Darasin lissafin kuɗi da ya ci da daraja mai kyau, suka ce manhajarsu ta bambanta, ya sake. Wasu biyu aka karɓe su a matsayin na cike gurbi, ba sa cikin na dole. Kiredit sha huɗu kusan zango guda ne, zangon da babu tallafin ƙwallo a kansa. Babu wanda ya ambaci wannan a taron Zoom. Da ya isa can kuma aka soke gasar kaka ta rukuninsu saboda cuta, sai atisaye da takunkumi. Bai buga wasan gaske ba sai bazarar 2021, wata goma sha shida bayan wasansa na ƙarshe da tsohuwar riga. Na yi tafiyar awa goma sha ɗaya na je. An sako shi bayan hutun rabin lokaci, taɓawarsa ta farko ya karɓe ƙwallo daga ƙafar wani dogo ya miƙa ta gefe. Ni kaɗai na miƙe a benen 'yan kallo.

Ya kammala a Disamban 2022, zango guda bayan sa'o'insa. Na gama biyan adashi kafin nan. Cikin su ashirin da bakwai, goma sha ɗaya ne suka sake buga wa wata makaranta. Shida sun zauna sun ƙarasa karatu babu ƙwallo. Golan ya zauna a Jamus. Abokin ɗakinsa ɗan Birazil, wanda Auta ke cewa ya fi kowa ƙafa a cikinsu, ya koma gida da niyyar dawowa in an buɗe, bai dawo ba, bai kuma gama digiri ba. Suna da zaure a WhatsApp, har yau sunan tsohuwar ƙungiyar ne a kansa.

Abin da ya sa na tono wannan yanzu, kwanakin baya wani abokina daga Kano ya kira, an yi wa ɗansa tayin tallafin tsere a wata jami'a, yana murna yana neman shawara. Lokacin ya fi na su Auta wuya. A watan Yunin 2025 wata alƙaliya a Kalifoniya, Claudia Wilken, ta amince da sulhun da ya sa NCAA da manyan rukunanta za su biya tsofaffin 'yan wasa dala biliyan 2.8, kuma aka ba kowace makarantar da ta shiga tsarin damar raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Hakkinsu ne, sun daɗe ana cin guminsu. Amma mafi yawan kuɗin wajen ƙwallon Amurka da kwando zai tafi, kuma daga wani wuri za a yanko shi. Na ce wa abokina, "Alhaji, kafin ka sa hannu, ka sa yaron ya tambayi kocin: tallafin na shekara ɗaya ne ko na huɗu, kuma a rubuce? Wasa nawa makarantar ta soke a shekara goman nan? In aka soke nasa, wa zai biya giɓin?" Ya ce ai kunya ba za ta bar yaro ya yi wa wanda ke taimakonsa irin wannan tambayar ba. Na ce to ya haɗa ni da kocin, ni zan yi.

Bara na je gida. Na shiga Kasuwar Barci gaida mijin Yaya, na same shi a kan keke, tabarau a karan hanci, yana harhaɗa wuyan wata riga. A bayansa, tsakanin yadudduka da kalandar masallaci, jesin nan ce a rataye cikin ledar wanki. Auta ya aiko masa da ita ta hannun wani. Lambar roba ce aka manna da zafi, gefen shidan ya fara ɓamɓarewa tun a can. Na matsa na duba, sai na ga an bi ta da farin zare, ɗinkin hannu, ƙanana-ƙanana, an zagaye ta tsaf. Ya ga ina kallo, ya ce, "Ɗagowa take yi, na kama ta." Ya mayar da ƙafarsa kan keke, ya aiki yaron shago ya karɓo mana shayi.